Kwamfuta da Gano Ciwon Daji a Hotunan Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin jiran sakamako a sashen ɗaukar hoto na wani asibiti a Sakkwato ya san irin maganganun da ke yawo tsakanin masu jinya, musamman tun da labarin ƙirƙirarriyar basira ya cika gidajen rediyo da wayoyin hannu. Wani ya ji an ce kwamfuta ta fi likita ganin ciwon daji, wata kuma tana fargabar kada a bar wa na'ura hukuncin rayuwarta. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi maimaitawa, an kuma amsa su gwargwadon abin da bincike ya tabbatar.

Me ake nufi da gano ciwon daji da taimakon kwamfuta?

Ana nufin wata manhaja da ake ba ta hoton cikin jikin mutum, kamar hoton mama da ake kira mamogiram, ko hoton ƙirji, ko hoton CT, ko na MRI, ko sikanin, sai ta binciki hoton ta zagaye wurin da take zargin akwai ƙari, wani lokaci kuma ta ba da maki da ke nuna ƙarfin zargin. Aikin iri biyu ne. Akwai manhajar da iyakacinta ta ce wa likita "duba nan", akwai kuma wadda take ƙara kimanta ko abin da aka gani ya fi kama da ƙari mara illa ko mai muni. A duka biyun likitan hoto ne yake karanta hoton, shi yake rubuta rahoto, shi yake sa hannu.

Ta yaya kwamfuta take gane ƙari, alhali ba ta da ido?

A wurin kwamfuta hoto tarin lambobi ne. Kowane hoto ya ƙunshi ƙananan ɗigo masu yawan gaske, kowane ɗigo kuma yana da lambar da ke nuna haskensa ko duhunsa. A hoton CT, alal misali, akwai ma'aunin da aka sa wa sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da ya ƙera na'urar da aka fara ɗaukar majiyyaci da ita a Landan a 1971. A wannan ma'auni ruwa yana kan 0, iska tana kan ƙasa da sifili da 1000, ƙashi kuma yana can sama da ɗaruruwa. Saboda haka tsokar da ta fi maƙwabtanta tauri, ko ta fi su shan maganin da ake ɗura wa majiyyaci ta jijiya kafin ɗaukar hoto, za ta fito da lambobin da suka bambanta da na kewayenta.

Sifa ma tana magana. Ƙari mara illa a mama yawanci yakan zo da gefe mai santsi da iyaka bayyananniya, shi kuwa mai muni sau da yawa gefensa yakan yi tsinke-tsinke kamar ƙarangiya, yana janyo naman da ke kusa da shi. Akwai kuma wasu fararen ɗigo na sinadarin alli da ba su kai milimita ɗaya ba, waɗanda idan suka taru wuri guda da wani irin tsari sukan zama alamar farko ta sankarar mama tun kafin hannu ya iya jin komai. Irin waɗannan ne idon da ya gaji yake tsallakewa.

Manhajojin farko mutane ne suka rubuta musu dokoki ɗaya bayan ɗaya: idan gefe ya yi kaza, haske ya kai kaza, a sa alama. Na yanzu horar da su ake yi. Ana nuna musu dubun dubatar hotuna waɗanda aka riga aka san ƙarshen labarin masu su, wannan an gutsiri nama an tabbatar daji ne, wancan an bi shi shekaru ba a ga komai ba, manhajar tana yin hasashe ana gyara ta, har ta kai ga rarrabewa da kanta. Abin ya yi kama da tsohon majemi da ya shafe shekaru yana juya fatar jar akuya: da ya ɗaga ta a rana ya san inda aibi yake, ko da ba zai iya zayyana maka dukan abin da idonsa ya kama ba. Bambancin shi ne majemin ya san abin da fata take, ya san akuyar da ta fito daga jikinta, ita kuwa manhajar tsarin lambobi kawai ta sani.

Wannan fasaha sabuwa ce?

A'a, ta kwana biyu. Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Jamus a 1895, kuma tun cikin shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Chicago, ƙarƙashin jagorancin Kunio Doi, suka duƙufa a kan koya wa kwamfuta duba hotunan mama da na huhu. A 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar farko ta duba mamogiram, mai suna ImageChecker, kuma cikin 'yan shekaru asibitocin ƙasar da yawa suka rungume ta.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda wannan zango na farko ya ƙare, domin akwai darasi a cikinsa ga duk mai niyyar sayo irin wannan kaya. Wani babban nazari da aka buga a 2007 ya nuna cewa a cibiyoyin da suka fara amfani da manhajar an ƙara yawan matan da ake sake kira da waɗanda ake gutsirar namansu, ba tare da an samu ƙarin gano ciwon da ya taka kara ya karya ba. Wani nazarin na 2015, wanda ya duba hotuna sama da dubu ɗari shida, bai ga ta inganta aikin likitoci ba. Matsalar ita ce yawan alamun banza. Idan na'ura tana zagaye wurare biyu ko uku a kusan kowace mace, likita yakan gaji ya daina kula ta, kamar mai gadin da ke ihun ɓarawo duk lokacin da iska ta kaɗa ƙyaure.

To, manhajojin yanzu sun fi na da?

Sun fi, kuma akwai shaidar da ta fi ta da ƙarfi. Daga 2012 ne salon horarwa na zamani ya nuna fifikonsa wajen gane hotuna gaba ɗaya, daga nan ya shigo fannin lafiya. A 2020 masu binciken Google suka wallafa sakamakon gwajin manhajarsu a kan hotunan matan Ingila da Amurka, inda ta rage kuskure ta ɓangarori biyu, wato zargin mai lafiya da kuma tsallake mai ciwo. Amma wannan gwaji ne a kan tsofaffin hotuna.

Wanda ya fi nauyi shi ne gwajin da aka yi a Suwidin ƙarƙashin Jami'ar Lund, aka fitar da sakamakonsa na farko a 2023. An raba mata kimanin 80,000 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi an karanta hotunansu yadda aka saba a can, likitoci biyu a kan kowane hoto, ɗaya rabin kuma manhaja ta fara tantancewa kafin likita ya duba. An gano ciwon daji a jikin mata 244 a ɓangaren da aka yi amfani da manhaja, 203 a ɗaya ɓangaren, yawan kiran banza bai ƙaru ba, aikin karanta hotuna kuma ya ragu da kashi 44 cikin ɗari. A ganina wannan ragin aiki shi ne abin da ya fi shafar mu, domin mu ba likitoci biyu muke nema a kan kowane hoto ba, ɗaya ma nemansa ake yi.

Idan kwamfuta ta sa alama a hotona, ke nan ina da ciwon daji?

Ko kaɗan. Alama zargi ce, kuma yawancin zargi ba ya tabbata. Mu ƙaddara, don misali kawai, an ɗauki hoton mata 1,000 da ba su da wani ƙorafi, 6 daga cikinsu suna ɗauke da ciwon, manhajar kuma tana kama yawancin masu ciwo amma tana zargin mace ɗaya cikin kowace goma masu lafiya. Za ta sa alama a kan 5 ko 6 na gaskiya, ta haɗa da kusan 100 da lafiyarsu ƙalau. Macen da aka sake kira a wannan misali ta fi kusa da lafiya nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da hanyar sani sai ta koma an ƙara dubawa.

Abin da ke tabbatar da ciwon daji shi ne a gutsiri ɗan nama daga ƙarin, galibi da allura ta musamman bayan an kashe zafin wurin, a kai ɗakin gwaji likitan nazarin nama ya duba a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. A nan ne mutanenmu da yawa suke juyawa, saboda maganar da aka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura sai ya bazu. Na fahimci inda wannan tsoro ya samo asali: mutum ya ga 'yar uwarsa da aka kai asibiti bayan ciwo ya riga ya ci jiki, aka yi mata aiki, ba ta daɗe ba ta rasu, sai ya ɗora laifin a kan wuƙa. Amma jinkirin zuwa ne ya kashe ta. Gwajin nama shi ne yake faɗa wa likita irin ciwon, da ko zai ji maganin da ke toshe sinadaran mace, ko sai an haɗa da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, da gasa ƙarin da haske, kuma babu wani hoto ko manhaja da ke maye gurbinsa.

Idan kuma ba ta sa alama ba, zan iya kwantar da hankalina?

Idan ba ki jin komai a jikinki kuma likita ya karanta hoton ya ce lafiya, to ki bi lokacin da aka ba ki na sake dubawa. Amma idan hannunki yana jin kumburi, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar wurin ta canza ta yi kamar ɓawon lemu, rashin alama ba ya wanke ki. Mata masu ƙarancin shekaru sukan kasance da naman mama mai kauri, wanda yake fitowa fari a mamogiram kamar yadda ƙari yake fitowa fari, sai ɗaya ya ɓoye ɗaya. Shi ya sa likitoci suke fara wa irin waɗannan mata da sikanin, ko su haɗa biyun.

Wane irin ciwon daji ne aka fi amfani da ita a kansa, kuma ya dace da wanda ya fi damun mu?

Inda aka fi ci gaba shi ne mama da huhu, domin a nan ne ƙasashe masu arziki suka tara hotuna mafi yawa. Akwai kuma manhajar da ke taimaka wa likita ganin ƙananan tsiro yayin da yake duba babban hanji da kyamara, wadda Amurka ta amince da ita a 2021, a shekarar kuma aka amince da wata da ke duba naman furosteti, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2020 sun ƙiyasta sababbin masu ciwon a Najeriya sama da 120,000 a shekarar, da mace-mace kusan 79,000, mama a kan gaba, sai furosteti da bakin mahaifa. A wannan yanki namu kuwa akwai ƙarin damuwa biyu. Ta farko sankarar mafitsara, wadda likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka daɗe suna rubutu a kan yawanta tsakanin maza, kuma tana da alaƙa da tsargiya, cutar da yara da manoman fadama da masunta suke ɗauka a ruwan gulbin Rima da tafkuna. Yaro yana fitsarin jini ana ɗauka alamar girma ce, ƙwan tsutsar da ke jawo tsargiya kuwa yana nan yana cin bangon mafitsara shekara da shekaru. Ta biyu sankarar hanta, mai alaƙa da ciwon hanta nau'in B da kuma gubar funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan ba a busar da su sosai ba. Duka biyun sikanin ne matakin farko na duba su, kuma sikanin ya dogara ƙwarai da hannun mai riƙe da na'urar, abin da ya sa horar da manhaja a kansa ya fi wuya.

Bakin mahaifa yana da nasa labarin. A asibitoci da yawa ma'aikaciya takan shafa ruwan tsami na musamman a wurin ta duba ko ya yi fari, kuma masu bincike a cibiyar ciwon daji ta Amurka sun nuna a 2019 cewa manhaja tana iya tantance hoton bakin mahaifa da kyau. Wannan shi ne ciwon da ake da ƙarfin kawar da shi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin hakan a 2020, Najeriya kuma ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar da ke jawo shi a watan Oktoba na 2023.

Manhajar da aka horar da hotunan Turawa za ta yi aiki a kan mutanenmu?

Ba a ɗauka haka kai tsaye, sai an gwada. Manhaja tana koyon duk abin da ke cikin hoto, har da abin da ba a yi nufin koya mata ba. An taɓa samun wadda aka horar don gano ciwon huhu, ashe ta koyi gane asibitin da hoton ya fito ne daga irin ƙarfen alamar da ake ɗorawa a gefe, sai ƙoƙarinta ya ragu da aka kai ta wani asibiti. A wurinmu akwai dalili na musamman: tarin fuka ya yi yawa, kuma yana barin tabo da ƙulli a huhu waɗanda manhajar da ta saba da huhun mutanen Suwidin za ta iya ɗauka daji ne. Matanmu kuma sau da yawa ciwon mama yana kama su da ƙuruciya fiye da matan Turai. Saboda haka duk asibitin da zai karɓi irin wannan manhaja ya kamata ya fara gwada ta a kan tsofaffin hotunansa da ya san sakamakonsu, kafin ya bari ta shiga tsakaninsa da majiyyaci.

Me ake buƙata kafin ta amfane mu a Sakkwato?

Abu na farko hoton ya kasance na dijital, wanda na'ura take turawa kai tsaye cikin kwamfuta. Na taɓa raka wata gwaggona da ta zo daga ƙauye da faifan hotonta naɗe cikin ledar shinkafa, ya sha zafin mota da ƙura har ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya manne da takardar magani. Likitan ya ɗaga shi a jikin fitila ya juya shi sau uku, sannan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sai an sake ɗauka." Ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, kuɗin akuyata ke nan ya tafi." Irin wannan faifai babu manhajar da za ta karanta shi.

Bayan haka akwai wutar lantarki da ba ta yankewa, da sanyaya ɗakin na'ura a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, da kariya daga ƙurar hunturu, da intanet ko kwamfuta mai ƙarfi a cikin asibitin, da kuɗin lasisi da galibi ake biya da dala. Ba abu ne da ya gagara ba, domin tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen tantance tarin fuka a hoton ƙirjin masu shekara 15 zuwa sama, kuma a Najeriya an shiga garuruwa da ƙananan na'urorin hoto da ake ɗauka a mota ko a keke-napep ana wannan aiki.

Sai dai abin da ya fi duka muhimmanci yana bayan alamar. Asibitin koyarwa na Sakkwato yana da sashen hoto da na nazarin nama da na gashin ciwon daji, kuma mutane suna zuwa masa daga Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar ta hanyar Illela. Idan aka gano ƙari a Sabon Birni ko Tangaza, dole a samu hanyar da za ta kawo mai shi gwajin nama da magani cikin makonni. Gano ciwon da ba a bi shi da magani ba ƙarin tashin hankali ne kawai ga iyali.

Manhajar tana ƙara wa jiki hasken da ke cutarwa?

Ba ta ƙara komai, domin hoton da aka riga aka ɗauka take dubawa. Mamogiram yana ba jiki haske kaɗan, kwatankwacin abin da mutum yake samu daga ƙasa da sararin sama cikin wata biyu, CT ya fi shi yawa sosai shi ya sa ba a yin sa sai da dalili, sikanin da MRI kuwa ba sa amfani da irin wannan haske. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauke ta hoto.

Ina sirrin majiyyaci, musamman mace?

Tambaya ce da magidanta da yawa suke yi, kuma tana kan hanya. Mamogiram hoton cikin nama ne baƙi da fari, ba ya nuna fuska ko fata, kuma mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta ɗauke ta. Abin lura shi ne bayanan da ke manne da hoton, wato suna da shekaru da lambar kati. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, saboda haka majiyyaci yana da haƙƙin ya tambaya ko za a tura hotonsa wajen asibitin, da ko an cire sunansa kafin a tura.

Zan iya ɗaukar hoton faifaina da waya in tura wa irin manhajojin da ake hira da su?

Kada a dogara da wannan. Kyamarar waya tana zubar da yawancin bayanan da ke cikin ainihin hoton, ƙananan ɗigon allin nan kuma su ne farkon ɓacewa. Manhajojin hira ba a tantance su don wannan aiki ba, suna iya ba da amsa mai daɗin ji da cikakken ƙarfin gwiwa alhali kuskure ce. Suna iya taimakawa wajen fahimtar kalmomin rahoton likita, amma hukuncin hoton a bar wa wanda ya ga ainihinsa.

Idan aka yi kuskure, wa ke da alhaki?

Likitan da ya sa hannu da asibitin da ya zaɓi manhajar. Shi ya sa ake gargaɗin likitoci, musamman masu tasowa, kada su saba da jiran alama har idonsu ya yi lalaci. Likita ya san abin da hoto ba ya ɗauke da shi: ya taɓa wurin da hannunsa, ya ji cewa mahaifiyar majiyyaciyar da yayarta duk ciwon mama ne ajalinsu, ya san tana shayarwa ko ta taɓa yin aiki a wurin.

Me ya kamata in zo da shi ranar ɗaukar hoto?

A zo da duk tsofaffin hotuna da rahotanninsu, a shimfiɗe cikin ambulan ɗinsu ba a naɗe ba, domin kwatanta hoton bana da na bara yana cikin abubuwan da suka fi taimaka wa likita: ƙullin da ya shekara biyu bai motsa ba labarinsa daban da wanda ya ninka cikin wata shida. Ranar mamogiram kada a shafa hoda ko turaren hammata ko man da ke da ƙyalli a ƙirji, saboda ɓurɓushinsu yana fitowa kamar ɗigon alli, ya ruɗi likita da manhaja baki ɗaya. Idan na'urar ta dijital ce, a nemi a ba da kwafin hoton a faifan kwamfuta tare da rahoton, a kuma tambayi ranar da za a dawo da sunan sashen da za a kai sakamakon kafin a bar asibitin.